Ku Tambaya Mu Amsa: Farin Beyar Ɗin Jamus Da Sauran Dabbobin Da Kyamara Ta Ɗaga

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Saƙonnin wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi, maganar farin beyar ɗin nan na ƙasashen ƙanƙara da ake ajiyewa a gidan zoo, da yadda 'yan jarida ke ɗaukar dabba guda su mai da ita tauraruwa. Na zaɓo guda shida, wasu na rage musu tsawo saboda fili.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah wani tsohon bidiyo na gani a Facebook, wani bature yana ba ɗan farin beyar madara a fida suna ta kokawa, an rubuta wai sunansa Knut kuma wai a lokacinsa ya fi wasu shugabannin ƙasa suna. Gaskiya ne ko irin ƙarin gishirin 'yan soshiyal midiya ne? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Wannan kam in ma akwai gishiri to ɗan kaɗan ne. An haifi Knut ran 5 ga Disamba 2006 a gidan zoo na birnin Balin a Jamus, tagwaye ne ma, uwarsu Tosca wadda a da wasa take yi a gidan wasan dabbobi na tsohuwar Jamus ta Gabas tana haihuwarsu ta juya musu baya ta bar su a kan dutse, sai da ma'aikata suka sa doguwar ragar kamun kifi suka janyo su. Ɗan'uwan nasa kwana 4 ya yi ya mutu. Shi kuma ko kilo ɗaya bai kai ba, giram 810 ne, sai da ya yi kwana 44 a kwalba irin wadda ake sa bakwaini.

Baturen da kika gani Thomas Dörflein sunansa, ma'aikacin gidan ne. Tarewa ya yi gaba ɗaya, ya kai katifarsa gefen akwatin da ɗan yake kwana, cikin dare ya tashi ya haɗa madara da man hantar kifi ya ba shi, ya yi masa wanka, har jita yake kaɗa masa. Sama da shekara 30 rabon da ɗan farin beyar ya rayu a wannan gidan, kinga dole su ɗauki abin da zafi.

To amma rigima ce ta fara fasa labarin duniya. A watan Maris 2007 jaridar Bild, wadda ta fi kowacce kasuwa a Jamus kuma gwana ce wajen kanun labarai masu tada hankali, ta buga maganar wani mai fafutukar kare dabbobi da ake kira Frank Albrecht, wai gara a kashe ɗan da a ce mutum ne zai rene shi. Shikenan gari ya ɗauka, yara suka fito da kwalaye a ƙofar zoo, wasiƙu suka dinga shigowa ta ko'ina kan kar a taɓa shi, alhali fa gidan zoo ɗin bai taɓa cewa zai kashe shi ba. Daga baya mutumin ya fito ya ce yanke masa magana aka yi, shi abin da ya dame shi wani ɗan beyar ne na wani jinsin daban da gidan zoo na Leipzig ya kashe a watan Disamba saboda uwarsa ta ƙi shi, yana so ya nuna musu cewa in hujjar can daidai ce to ai nan ma haka za a yi kenan. Wa ya tsaya sauraronsa? Labari ya riga ya yi nisa.

Ran 23 ga Maris aka fito da Knut bainar jama'a, 'yan jarida wajen 400 ne suka yi dafifi da kyamarori, ministan muhalli na lokacin Sigmar Gabriel ya zo da kansa ya zama uban goyonsa. Daga nan kasuwa ta buɗe. Gidan zoo ya yi maza ya yi wa sunan rajistar kasuwanci, sai ga 'yar tsana, ga riguna, ga alawar Haribo mai siffarsa, a 2008 har kan sarki aka buga da hotonsa, mujallar Vanity Fair kuma ta sa shi a bango tare da ɗan wasan fim ɗin nan Leonardo DiCaprio. Hannun jarin gidan da ake sayarwa wajen Yuro 2,000 ya haura 4,800 cikin mako guda. Masu shiga suka ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100, aka ƙiyasta ƙarin kuɗin da ya shigo a shekarar da wajen Yuro miliyan 5, tun da aka buɗe gidan a 1844 bai taɓa ganin shekara irin wannan ba.

Wani abu da ya tsaya min a rai, kwana 3 bayan fito da shi wata panda, beyar ɗin nan na Sin mai fari da baƙi, mai suna Yan Yan 'yar shekara 22 ta mutu a gidan. Likitoci suka ce toshewar hanji ce, amma wasu jaridu ko mutuwar tata sai da suka rataya ta a wuyan Knut, wai hayaniyar masu zuwa ganinsa ce ta gama da ita, don in ba a sa sunansa ba wa zai saya.

Kuma kin san inda kuɗi ya shiga. Uban Knut, Lars, aro aka yo shi daga wani ƙaramin gidan zoo a garin Neumünster, da yarjejeniyar cewa ɗan farko da ya rayu nasu ne. Da suka ga miliyoyi na shigowa sai suka garzaya kotu. Suka ce a ba su Yuro 700,000, Balin ta ce ko sisi ba za ta ɗora a kan 350,000 ba, a ƙarshe a watan Yuli 2009 aka daidaita a 430,000. Cinikin ɗan shekara biyu kenan da bai san ana yi ba.

TAMBAYA: Malam ni naji ance suna ne ya kashe Knut ɗin nan, yawan mutane da baki. Wai me ya faru da shi ne daga ƙarshe? Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

AMSA: Ƙanena abu biyu ne a nan kuma kar ka haɗa su, akwai irin zaman da ya yi, akwai kuma abin da ya yi ajalinsa.

Bari mu fara da zaman. Hausawa suka ce amarya ko ta buzuzu ce ana ɗokinta, to ɗokin ɗan beyar bai wuce wata shida zuwa bakwai, daga nan ya fi ƙarfin ɗauka a hannu. A watan Yuli 2007 aka dakatar da wasan da suke yi da Dörflein sau biyu a rana gaban jama'a, kafin ya cika shekara ya haura kilo 90, hukumar gidan ta ce a daina shiga wajensa don mari ɗaya na wasa ya isa ya karya mutum. Hukuncin daidai ne, amma ka duba daga ɓangaren dabbar, wanda tun da ya buɗe ido hannun mutum ya sani da tafin jama'a, rana ɗaya ya wayi gari shi kaɗai a kan dutse. Farin gashin nan ya koma ruwan ƙasa saboda birgima, jaridun da suka yi masa kirari jiya suka koma rubuta cewa ya zama matsala. A 2008 ya kama kifaye 10 a ruwan da ya zagaye shingensa ya cinye gaban 'yan kallo, nan ma aka yi ta surutu, sai ka ce da can ganye aka ce musu yana ci. A shekarar ne ɗaya daga cikin waɗanda suka rene shi ya faɗa wa 'yan jarida cewa in babu kowa a gaban shingen kuka yake yi, in mutane sun taru sai ya yi shiru.

Dörflein ya rasu ran 22 ga Satumba 2008, bugun zuciya, yana da shekara 44. An kawo wa Knut wata budurwar beyar mai suna Giovanna daga Munich a 2009 suka zauna har 2010, da aka gama gyara mata wurinta aka mai da ita. Sai aka haɗa shi da manyan mata uku, uwarsa Tosca da Nancy da Katjuscha, masu zuwa kallo suka dinga ɗaukar bidiyo suna ƙorafin cewa matan na korarsa suna cizonsa, yakan koma gefe guda ya rakuɓe, hukumar gidan kuma ta ce wannan ai zaman beyar ne haka suke.

Sai ran 19 ga Maris 2011, da rana, mutane tsakanin 600 zuwa 700 na tsaye suna kallo. Ƙafarsa ta baya ta fara rawa, ya dinga juyawa a wuri ɗaya yana zagaye kansa, jijjiga ta kama shi ya faɗa ruwa, a nan ya nutse. Shekararsa 4, jinsin da a gidan zoo kan haura 25, har akwai wata Debby a Winnipeg ta Kanada da ta haura 40.

Da aka buɗe gawar aka ga kumburin ƙwaƙwalwa, aka yi ta neman ƙwayar cutar da ta jawo shi ba a samu ba. Sai a 2015 wani likitan ƙwaƙwalwa na mutane a Balin, Harald Prüss, da ya karanta rahoton ya ga alamomin sun yi kama da na marasa lafiyarsa, aka gwada abin da aka ajiye na jikin Knut aka tarar cutar nan ce da garkuwar jiki ke juyowa ta far wa ƙwaƙwalwar mai ita. A jikin mutane ma sai a 2007 aka gano ta, Knut ne dabba ta farko da aka tabbatar tana da ita. Saboda haka ni ba zan ce maka suna ko taron jama'a ne ya kashe shi ba, binciken bai nuna haka ba, kuma wanda ya ce maka haka shi ma irin aikin Bild ɗin yake yi ta ɗaya gefen. Tambayar da na ga ta fi ƙarfi ita ce wadda masoyansa suka daɗe suna yi tun yana raye, dabbar da ta kawo miliyoyi me ya hana a gina mata wuri mai faɗi da ƙasa da ciyawa? Bayan ya mutu dai an samu kuɗin yin mutum-mutuminsa na tagulla a 2012, fatarsa kuma aka ɗinka ta a kan siffarsa aka kafa a gidan tarihin halittu na Balin a 2013, duk da wasu sun yi zanga-zangar kar a yi.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Da sallah na kai yara gidan zoo muka ga kura tana ta kaiwa da komowa a bakin keji bata tsayawa, sai kuma na ga farin beyar a YouTube shi ma haka yake yi yana kaɗa kai. Nace wa yaran motsa jiki suke, amma zuciyata bata kwanta ba. Daga wata uwa a Kaduna.

AMSA: Hajiya zuciyarki ta faɗa miki gaskiya. In kika lura da kyau za ki ga taku iri ɗaya ne, daga wannan kusurwa zuwa waccan, a wuri ɗaya take juyawa, kai ma a wuri ɗaya take wurga shi, har sai ƙasar wurin ta yi hanya. Masana halayyar dabbobi na ɗaukar wannan alamar ƙunci ce, dabbar na da abin da jikinta ke umartarta ta yi, wurin kuma ya hana ta.

Farin beyar kuwa shi ya fi kowa shiga wannan hali, dalili tafiya ce rayuwarsa. A can arewacin duniya a kan ƙanƙarar teku yake yawo yana neman wata dabbar ruwa mai kitse da ake kira sil, yana jin warinta daga nisan da ya haura kilomita, ya je bakin ramin da take leƙowa shan iska ya kwanta awanni yana jira. An taɓa sa wa wata mace na'ura a wuya a tekun Beaufort da ke arewacin Alaska, ta yi iyo kilomita 687 cikin kwana 9 ba ta taka tudu ba. To ki ɗauko mai irin wannan ƙafar ki sa shi a filin siminti da ɗan kududdufi.

A 2003 wasu masu bincike biyu na jami'ar Oxford, Ros Clubb da Georgia Mason, sun fitar da nazari a mujallar Nature a kan dabbobi masu cin nama da ke tsare. Suka gano cewa duk dabbar da ta fi yawo mai nisa a daji ita ta fi yin wannan kai-komon a keji, kuma 'ya'yanta sun fi mutuwa. Na farin beyar suka ce shingen da aka saba ba shi kusan kashi ɗaya ne cikin miliyan na mafi ƙarancin filin da yake yawo a daji, yana ɓata wajen rubu'in yininsa a kai-komo, 'ya'yan da ake haifa kuma kusan 65 cikin 100 ba sa rayuwa. Wannan lissafin ne ba a ɗora wa a kan fosta in an samu sabon ɗa.

Akwai wani Gus a gidan zoo na Central Park a New York, a shekarun 1990 aka lura yana shiga ruwa yana iyo hanya ɗaya tak, zagaye iri ɗaya, wani lokaci har awa 12 a rana. Aka ɗauko masanin halayyar dabbobi aka biya shi dala 25,000, har maganin damuwa irin na mutane Prozac aka ba shi. Abin dariya abin tausayi, shi ma wannan ciwon nasa sai ya zama talla, mutane suka ƙaru don su ga beyar mai taɓin hankali. Amma abin da masanin ya kawo ya yi aiki, aka daina zuba masa abinci a gaba haka kawai, sai a daskarar da kifi cikin ƙanƙara ko a ɓoye shi a sa shi ya wahala ya nema, aka sa masa kayan wasa aka gyara wurin, iyon ya ragu sosai duk da bai daina gaba ɗaya ba. Ya mutu a 2013 yana shekara 27.

Mu da muka taso da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abincinta ba, bai kamata wannan magana ta zama baƙuwa a wajenmu ba. Hukuncin ajiye dabba a keji na malamai ne, ni dai abin da zan ƙara shi ne ƙoshi kaɗai bai isa shaida ba, dabba na iya yin ƙiba tana cikin ƙunci. In kin koma da yaran ki nuna musu su duba ko akwai inuwa, ko akwai ruwa mai tsabta, ko akwai lungun da dabbar za ta shige ta ɓuya in ta gaji da idon mutane. Kuma a hana su jifa da tsokana da kara don ta motsa.

TAMBAYA: Malam wai ba za a iya kawo mana irin wannan farin beyar ɗin gidan zoo na Kano ba? Ai sai a sa masa iyakwandishan. Daga wani mai shago a Sabon Gari.

AMSA: Alhaji rufa mana asiri! Dabbar da ke da kitse mai kauri a ƙarƙashin fata da gashi hawa biyu, wadda ko a kan ƙanƙara in ta yi gudu kaɗan zafi ke damunta, ita za ka kawo garin da a watan Afrilu ake haura digiri 40? Ranar da wuta ta ɗauke janareta ya ƙi tashi fa?

An gwada a wuraren da suka fi mu kuɗi. Singafo ta yi, a can aka haifi Inuka a 1990, shi ne na farko da aka haifa a ƙasar zafi, a 2004 gashinsa ya koma kore saboda gansakuka ta shiga cikin silin gashin, don gashin nasu rami ne da shi a ciki. Sun kashe kuɗi sun gina masa wuri mai sanyi ya kai shekara 27, da ya mutu a 2018 suka ce sun daina ajiye irinsa. A Ajantina akwai Arturo a garin Mendoza inda zafi kan kai 40, bayan matarsa Pelusa ta mutu a 2012 hotunansa suka bazu yana kwance kan siminti, dubban ɗaruruwan mutane suka sa hannu a kai shi Kanada, likitocin can suka ce ya tsufa ba zai jure allurar barci da doguwar tafiya ba, a nan ya mutu a 2016. Nan Afirka ma an yi, na ƙarshe shi ne Wang a gidan zoo na Johannesburg, daga Jafan aka kawo shi a 1986, abokiyar zamansa GeeBee ta mutu a Janairun 2014 shi kuma ciwon hanta ya ci ƙarfinsa aka yi masa allurar ƙarshe a watan Agusta, gidan ya ce ba za su sake kawo wani ba.

Mu dai a kula da zakin da kurar da jiminar da suke hannu tukuna. Kuma maganar zuzuta labarin dabba ba sai mun je Jamus ba, ka tuna 2019 da duniya ta ɗauka cewa goggon biri ya haɗiye naira miliyan 6.8 a gidan zoo na Kano, sai da gwamnan lokacin ya fito ya ce babu ma goggon biri a gidan.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni na karanta cewa gidajen zoo suna kiwon farin beyar ne don kar ya ƙare a duniya saboda ɗumamar yanayi. In haka ne ai kuɗin da Knut ya kawo alheri ne. Ko ya ka gani? Daga wani malamin makaranta a Garwa, Kamaru.

AMSA: Malam wannan ita ce hujjar da suka fi kawowa, kuma akwai ganin kitse ga rogo a cikinta. Farin beyar da ke daji an ƙiyasta su tsakanin 22,000 zuwa 31,000, a ƙasashe biyar, Kanada wadda ke da kusan kashi biyu cikin uku, Amurka ta ɓangaren Alaska, Rasha, Norway da tsibirin Greenland. A da farauta ce matsalarsu, ƙasashen suka sa hannu a wata yarjejeniya a Oslo a 1973 aka taƙaita ta. Yanzu matsalar ƙanƙarar teku ce, wadda a kanta suke farauta, tun 1979 da aka fara aunawa da tauraron ɗan adam ƙanƙarar ƙarshen bazara na raguwa da sama da kashi 12 cikin 100 duk shekara goma. In ta narke da wuri sai su hau tudu su zauna da yunwa watanni.

To kaga ba haihuwa ce ta gagare su ba balle a ce a taya su a keji. Kuma wanda aka haifa a keji ba a mai da shi can, saboda ɗa sai ya yi wajen shekara biyu da rabi yana bin uwarsa kafin ya iya farauta, wanda kuma ya saba mutum ne ke kawo abinci in ka sake shi ƙauyen mutane zai nufa, dabbar da namijinta ke kai kilo 600, ƙarshenta harsashi. Shi kansa kiwon ba ya rasa kwamacala, a ɗaya gidan zoo na Balin wato Tierpark an haifi wata Hertha a 2018 aka yi ta biki, sai a 2021 gwajin jini ya nuna uwarta da ubanta 'yan uwa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, takardu aka rikita tun a Mosko.

Amma zan yi musu adalci. A gidajen zoo na Oregon da San Diego an horar da beyar suka sa na'ura a wuya, wata har tafiya ta yi a kan injin motsa jiki, da wannan masu bincike suka gane yawan ƙarfin da na daji ke ƙonawa wajen neman abinci, abin da ba za ka iya aunawa a kan ƙanƙara ba. Marayun da uwarsu ta mutu a yankin Churchill na Kanada ana kai su Winnipeg, in ba haka ba mutuwa za su yi. Lardin Manitoba ya yi doka a 2002 cewa duk mai son a ba shi beyar daga can sai ya cika sharuɗɗa, ciki har da filin da bai gaza murabba'in mita 500 ba. A Ingila kuma akwai wani wuri a Yorkshire da ya ware musu wajen eka 10 da ciyawa da tafkuna masu zurfi. Irin waɗannan ba na haɗa su da wanda aka kulle a cikin kantin zamani a Guangzhou ta Sin, mai suna Pizza, ana ɗaukar salfi da shi ta gilashi a 2016.

Maganar talla kuma ga misali a cikin Jamus ɗin kanta. A Disamba 2007 an haifi 'ya'ya a gidaje biyu. A Nuremberg an raba Flocke da uwarta aka rene ta da fida, kyamarori suka koma can, aka yi rajistar suna aka buga kaya. A Stuttgart kuma Wilbär uwarsa ce ta rene shi a cikin rami, gidan ya ɓoye labarin haihuwar ma har tsawon watanni don kar a dame su. Wanne ka taɓa jin sunansa? Na hannun uwa shi ya fi samun tarbiyyar beyar, amma babu hoton bature da fida, saboda haka bai yi kasuwa kamar ɗayar ba.

TAMBAYA: Malam ita kuma 'yar dorinar nan ta Tailan da ta cika TikTok fa, Moo Deng, ita ma haka ne? Daga wata ɗaliba a Sakkwato.

AMSA: Ƙanwata salon ɗaya ne, sai dai Knut jarida da talabijin suka ɗaga shi, ita kuma waya. An haife ta ran 10 ga Yuli 2024 a gidan zoo na Khao Kheow, mai kula da ita ya dinga sa bidiyonta tana zillo tana cizon gwiwarsa, cikin 'yan makonni masu zuwa suka ninka, gidan ya nemi rajistar sunan, riguna da kayan kwalliya suka fito. Ba a jima ba aka fara kama masu watsa mata ruwa da jifanta in tana barci don ta tashi su samu bidiyo, sai da aka kafa kyamarorin tsaro, aka yi barazanar kai mutane kotu, aka kuma ƙayyade wa kowane rukuni minti 5. Inda ta fi Knut sa'a, uwarta ce ta rene ta, kuma jinsinta ba mai doguwar tafiya ba ne irin beyar, zaman zoo bai yi musu tsanani haka ba.

Abin da yawancin masu tura bidiyon ba su sani ba, 'yar asalin Afirka ta Yamma ce. Wannan ƙaramar dorinar da ba ta girma kamar ta kogi a dazuzzukan Laberiya da Saliyo da Gini da Kodebuwa take, waɗanda suka rage a daji ba su wuce 2,500 ba, saran daji da farauta na cinye su. A Najeriya ma an taɓa samun wani reshe nasu a yankin Neja Delta, tun wajen shekarun 1940 babu tabbacin an sake ganinsa. Da ɗan kaso na kuɗin rigunan nan zai isa wajen masu gadin dajin Sapo a Laberiya ko Taï a Kodebuwa, da na fi kowa tura bidiyon.

Mai tambaya a kan kiwon jimina da mai tambaya a kan dafin kunama, naku na nan tafe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A ci gaba da turowa, amma dan Allah a riƙa taƙaitawa.